Nawa Ne Kuɗin Yatsa? Abubuwan Ban Mamaki Kan Diyyar Rauni

Akwai wani dattijo tela a layinmu da mota ta buge wata ranar Alhamis, yana kan kekensa zai je sayen zare. Wuyan hannunsa na dama ya karye. Kafin la'asar an cika zaurensa, ga mai motar, ga yayan mai motar, ga 'yan unguwa. Mai motar ya durƙusa har ƙasa ya ce, "Baba, ka yi haƙuri, tsautsayi ne." Ya biya mai ɗori, ya gyara keke, ya aiko da rabin buhun shinkafa. Baba ya ce ya yafe duniya da lahira. Bayan wata shida na kai masa ɗinkin salla, sai na tarar almakashi yana hannun yaronsa. Yatsun Baba sun ƙi rufuwa a kansa. Hannun da ya yi shekara talatin yana yanka shadda ya koma bisa cinya.

Tun daga ranar nake bin tambaya ɗaya: in an ɓata wa mutum wani sashe na jikinsa, wa ke yanka kuɗinsa, kuma da wane mudu ake awon? Ga abin da na tsinto.

Hanci ya fi ido tsada

Dokar da ta fi kowace tsufa a cikin rubutattun dokokin da aka tono ita ce ta Ur-Nammu, sarkin Ur a ƙasar da ake kira Iraƙi yau, wajen shekara 2100 kafin haihuwar Annabi Isa alaihissalam. A cikinta an yanka wa gaɓoɓi farashi da awon azurfa mai suna shekel. Haƙori shekel 2, ƙafa 10, ido 30, hanci kuwa 40. Bayan kamar shekara ɗari uku Hammurabi na Babila ya zo da tasa, ya raba mutane aji-aji. Babba ya tsone idon babba, a tsone nasa. In idon talaka ne, a biya shekel 60. In na bawa ne, rabin kuɗin bawan, kuma ubangidansa ke karɓa.

Mai mari da jakar kuɗi

Rumawa sun rubuta tasu wajen shekara 450 kafin Annabi Isa. Karya ƙashin ɗa kwabon tagulla 300 ne, na bawa 150, mari kuma 25. Zamani ya yi ta tafiya, kuɗi ya lalace, doka tana nan inda take. Marubutansu sun kawo labarin wani attajiri, Lusiyus Beratiyus, wanda yake fita yawo bawansa na biye da jakar kuɗi. Duk wanda ya ga dama sai ya kwaɗa masa mari, bawa ya ƙirga 25 ya miƙa, su yi gaba. Wannan wulaƙanci ne ya sa mahukunta suka watsar da tsayayyen farashi, suka naɗa masu duba kowane rauni su kimanta shi. Duk wanda ya ga yadda naira ta koma cikin 'yan shekarun nan ya san ciwon da ke cikin labarin.

Raƙuma

Namu lissafin yana cikin littattafan da ake karantawa a zaurukan malamai, sai dai kaɗan ne ke waiwayarsa ranar da haɗari ya auku. Muwaɗɗa ta Imamu Malik ta kawo wasiƙar da Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya rubuta wa Amru ɗan Hazm kan diyya. Rai raƙumi 100 ne. Hanci in an yanke shi duka, 100. Ido ɗaya 50, hannu 50, ƙafa 50. Kowane yatsa 10, kowane haƙori 5. Raunin kai da ya buɗe har ƙashi ya bayyana 5 ne, wanda ya huda har cikin ciki kuma sulusin diyya.

Zauna ka buga lissafin, za ka sha mamaki. Babban mutum yana da haƙori 32, ka ninka da biyar, raƙumi 160 ke nan. Wanda aka zubar wa haƙora duka yana raye ya fi diyyar rai. An kuma ruwaito cewa Sayyidina Umar ya yanke wa mutum ɗaya diyya huɗu, saboda dutsen da aka jefe shi da shi a ka ya tafi da jinsa da maganarsa da hankalinsa da mazakutarsa, alhali mutumin yana numfashi. Abin da ake biya shi ne amfanin da ya salwanta, kowanne da kansa.

A mazhabar Malikiyya mai ido ɗaya, in aka tsiyayar masa da wanda ya rage, cikakkiyar diyya ake ba shi ba rabi ba, domin ganinsa duka aka ɗauke. Gaɓar yatsa raƙumi uku da sulusi ce, ta babban yatsa kuma biyar, tunda shi gaɓa biyu gare shi.

Akwai mas'alar da ta ɗaure wa Rabi'atu, malamin Imamu Malik, kai har ya je wurin Sa'idu ɗan Musayyib. Yatsan mace ɗaya raƙumi 10, biyu 20, uku 30, huɗu kuma sai ya dawo 20. Rabi'atu ya tambaya yadda za a yi rauni ya ƙaru diyya ta ragu. Sa'idu ya amsa masa da cewa haka sunna ta zo. Bayanin malaman Madina shi ne mace tana tafiya daidai da namiji har zuwa sulusin diyya, in an kai nan sai a koma ga nata lissafin na rabi.

Raunin da ba a yanka masa adadi ba, malamai suna yi masa abin da suke kira hukuma, ba hukumar gwamnati ba. Sai a ƙaddara mutumin a matsayin bawa a kasuwa, a kimanta shi da lafiyarsa, a sake kimanta shi da aibin. In ya ragu da kashi goma cikin ɗari, a ba shi kashi goma na diyya. Likitocin kamfanonin inshora na yau da ke rubuta cewa wane ya nakasa da kashi kaza cikin ɗari, hanyar nan suke bi. Batun wa zai biya ma an tsara shi. In kuskure ne kuma ya kai sulusin diyya, dangin mai laifin na wajen uba ke haɗa kuɗin, cikakkiyar diyya a cikin shekara uku. Inshorar dangi ce tun kafin a san kamfani.

Ga masu zinariya diyya dinari 1,000 ce, wato giram 4,250, ga masu azurfa dirhami 12,000. Shi ya sa a takardun nisabin zakka da ake fitarwa a Arewa za ka ga layin diyya kusa da na mafi ƙarancin sadaki, yana hawa yana sauka da farashin gwal. Saudiyya ta ɗaga tata a 2011 daga riyal 100,000 zuwa 300,000 a kisan kuskure, saboda raƙuma sun yi tsada.

Hukuncin da ya fi taɓa ni yana cikin Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ɗalibai ke haddacewa a garuruwanmu: ba a yanka diyyar rauni sai bayan ya warke. Da an bi wannan a zauren Baba tela, da ba a rufe magana ranar Alhamis ɗin ba.

Autan yatsa na sarkin Kent

Kusa da zamanin wasiƙar Amru ɗan Hazm, wajen shekara ta 600, wani sarki a kudancin Ingila mai suna Etelbat ya sa aka rubuta dokokinsa, kuma su ne doka mafi tsufa a harshen Ingilishi. Ran ɗa na gama-gari sule 100, ido 50, ƙafa 50. Rabin rai, daidai da namu, alhali babu wanda ya san wani. A yatsu ne suka saɓa. Babban yatsa sule 20, na tsakiya 4 kacal, auta kuwa 11. Haƙoran gaba huɗu sule shida-shida, na can ƙurya sule ɗaiɗai. Kurman rauni in ya fito inda riga ba ta rufe ba, ya fi na ƙarƙashin riga kuɗi da rabi. Wato sun sa wa kunyar shiga mutane farashi.

Har 'yan fashin teku

Wani likita da ya zauna da 'yan fashin tekun Karebiyan, Eksikwemelin, ya buga littafi a 1678 yana bayanin yarjejeniyar da suke yi kafin su fita. Wanda ya rasa hannun dama a fama, tsabar azurfar Sifaniya 600. Hannun hagu 500, ƙafar dama 500, ta hagu 400, ido 100, yatsa ma 100. Daga ganima ake fara cire wannan kafin a raba. A lokacin ma'aikacin masaƙa a Turai bai da irin wannan alkawari daga ubangidansa.

Hannu ɗaya, farashi barkatai

A 2015 wata kafar binciken ƙwaƙwaf ta Amurka, ProPublica, ta bi dokokin jihohi ɗaya bayan ɗaya tana duba iyakar abin da ake biyan ma'aikacin da inji ya cinye wa hannu. A Alabama dala 48,840. A Nebada dala 859,634. Ƙasa ɗaya, hannu iri ɗaya, ninki goma sha bakwai. Ta kawo labarin samari biyu da tsakanin gidajensu bai wuce kilomita 120 ba, dukansu sun rasa hannun hagu a masana'anta. Na Alabama ya tashi da dala 45,000, na Jojiya kuma abin da zai karɓa tsawon rayuwarsa zai iya haura 740,000. Iyakar jiha ce kawai ta raba su.

Jihar Niyok da makonni take awo. Hannu tun daga kafaɗa albashin mako 312 ne, ƙafa 288, ido 160, babban yatsa 75, auta 15, kuma ba albashin duka ba, kashi biyu cikin uku, shi ma da iyaka.

Yadda ake buga lissafin yau

Lauyoyi kan raba asara gida biyu. Gidan farko mai rasit ne: kuɗin asibiti, magani, kuɗin mota zuwa ganin likita, albashin da aka rasa, da wanda za a rasa nan gaba. Wannan ƙirge ne. Gida na biyu shi ne raɗaɗi, rashin barci, tabo a fuska, uban da ya kasa ɗaukar ɗansa. Nan ake kai ruwa rana, don ba kasuwar da ake sayar da raɗaɗi balle a tambayo farashi.

A Amurka akwai dabarar da masu sasantawa suka saba da ita, ko da yake ba doka ba ce. Sai a ɗauki kuɗin gidan farko a ninka da wani adadi tsakanin ɗaya da rabi zuwa biyar, gwargwadon munin raunin. Wanda ya kashe dala 10,000 a asibiti, in aka ninka masa da uku, raɗaɗinsa ya zama 30,000. Aibin dabarar a fili yake. Wanda ya je asibiti mai tsada sai ciwonsa ya fi na wanda ya daure a gida daraja. Wata dabarar kuma ta kullum-kullum ce, a sa wa kowace ranar ciwo kuɗi, galibi daidai da ladan aikin yini, a ninka da kwanakin jinya. Wasu jihohi sun hana lauya kawo wannan lissafi gaban kotu.

Manyan kamfanonin inshora kwamfuta suke tambaya. Akwai manhaja mai suna Colossus da aka ƙirƙira a Ostareliya a ƙarshen shekarun 1980, wadda ake zuba wa bayanan likita ta fito da adadi. Abin da likita bai rubuta ba, a wurinta bai faru ba. A 2010 kamfanin Allstate ya yarda ya biya dala miliyan 10 bayan hukumomin jihohi sama da arba'in sun binciki yadda yake aiki da ita.

Ingila littafi gare ta. Tun 1992 ake buga wa alƙalai jagorar farashin raɗaɗi, ana sabunta ta lokaci-lokaci. A bugu na 17, na 2024, ƙololuwarta fam 493,000 ce, ga wanda hannuwa da ƙafafu suka shanye ko ƙwaƙwalwa ta lalace sosai. Ciwon wuya na haɗarin mota kuwa majalisa ta yanka masa tsayayyen farashi a 2021, a lokacin daga fam 240 in ya warke cikin wata uku, zuwa fam 4,215 in ya kai shekara biyu.

Lamba ɗaya da ta ninka diyya

Ga wani abu da ba kowa ya sani ba. Matashin da zai buƙaci mai jinya har ƙarshen ransa, a dunƙule ake ba shi kuɗin yau. Kotu tana ɗauka zai juya kuɗin ya samu riba, don haka sai ta rage wani abu. A Ingila daga 2001 ana ɗauka ribar kashi 2.5 cikin ɗari ce a shekara. A Maris 2017 gwamnati ta mayar da lambar ƙasa da sifili, zuwa 0.75 a ƙarƙashinsa, wato ta yarda tsadar rayuwa tana cin kuɗin ajiya. Cikin dare ɗaya kuɗin jinyar ɗan shekara ashirin ya ninka fiye da sau biyu, rauni bai canja ba, likita bai ƙara kalma ba. Kamfanonin inshora suka yi ta kuka. An sake taɓa lambar a 2019, sannan daga Janairun 2025 ta koma 0.5 sama da sifili.

Kai mai kama da ɓawon ƙwai

A 1889, a wani aji a jihar Wiskonsin, yaro ɗan shekara goma sha ɗaya ya ɗan shuri ƙwaurin ɗan ajinsu. Shurin bai kai a yi kuka ba. Ashe akwai tsohon ciwo a wurin, ƙashi ya ruɓe, ƙafa ta nakasa. Masu taya alƙali yanke hukunci suka sa diyyar dala 2,800 a zaman farko. An yi ta ɗaukaka ƙara, amma ƙa'idar da ta fito daga shari'ar yaran nan, Bosbag da Futni, ana koyar da ita har gobe: yadda ka samu mutum haka za ka biya shi. In kansa ɓawon ƙwai ne, ba ka da bakin cewa na wani da bai fashe ba.

A Ingila ma wani ma'aikaci narkakken ƙarfe ya fallatsar masa a leɓe a 1950. Ƙunar ta tayar da ciwon daji, ya rasu bayan shekara uku. Kotu ta ɗora wa kamfanin alhakin mutuwar, ta ɗan rage kuɗin saboda dama cutar tana kwance a jikinsa.

In kai ma da naka laifin

A 1975 alƙali Lod Denin ya yanke cewa wanda bai ɗaura bel a mota ba, a rage masa kashi 25 cikin ɗari in da bel ɗin zai hana raunin gaba ɗaya, kashi 15 in zai rage shi ne kawai. Har yau da wannan ake aiki a Ingila. A jihohin Alabama da Merilan da Bajiniya da Karolaina ta Arewa abin ya fi tsanani. In aka same ka da ko kashi ɗaya cikin ɗari na laifi, ba ka da ko sisi.

Labarin gahawar McDonald's an daɗe ana ba da shi a karkace, kamar wata ce ta zubar da gahawa ta zama miloniya. Stella Liebeck tana da shekara 79 a 1992 lokacin da gahawa mai zafin digiri 82 zuwa 88 ta zube mata a cinya. Fata ta saluɓe, ta kwana takwas a asibiti, aka yi mata dashen fata. Dala 20,000 ta nema, kamfanin ya ce 800 zai bayar. A kotu aka gano an kai masa ƙorafin ƙuna sama da 700 cikin shekara goma. Aka yanka mata diyyar dala 200,000, aka cire kashi 20 na nata sakacin, saura 160,000. Aka ƙara tarar horo ta dala miliyan 2.7, wato cinikin gahawar kamfanin na kwana biyu. Alƙali ya rage tarar zuwa 480,000, daga baya suka sasanta a asirce. Ni ban ga kwaɗayi a nan ba, tsohuwa na gani da aka raina wa ciwo.

Hoton da ya cinye Yuro 760,000

Akwai kuma masu ƙara gishiri. A 2024 wata kotu a Ailan ta kori ƙarar wata mata da ta nemi Yuro 760,000, tana cewa haɗarin mota na 2017 ya hana ta aiki da wasa da 'ya'yanta. Sai ga hotonta a jarida, na Janairun 2018, tana wurgi da bishiyar Kirsimeti a wata gasa a garin Enis, kuma ita ta zo ta ɗaya. A Ingila dokar 2015 ta ce wanda aka kama da babbar ƙarya ya rasa diyyar duka, har da ta raunin da yake na gaskiya.

Rufi

Kotun Ƙolin Kanada ta ce a 1978 kuɗin raɗaɗi kada ya wuce dalar Kanada 100,000 komai munin rauni, sai dai yana hawa da tsadar rayuwa. Kalifoniya ta sa rufin dala 250,000 a kan kuɗin raɗaɗin kuskuren likita a 1975, ta bar shi ko motsi har 2023 kafin ta ɗaga zuwa 350,000. Matsalar Beratiyus ce ta dawo. Niyuzilan kuwa tun 1974 ta rufe ƙofar kai ƙarar neman diyyar rauni. Asusun ƙasa ne ke biyan jinya da wani kaso na albashi, ko laifin wa ne, har baƙon da ya je yawon buɗe ido yana ciki.

Ran wa ya fi tsada?

Wannan ne sashen da ya fi nauyi a zuciya. Tunda albashin da mutum zai samu nan gaba yana cikin lissafi, mai babban albashi ya fi tsada ko a mace. Bayan harin 11 ga Satumba 2001 Amurka ta kafa asusun diyya, ta damƙa shi ga lauya Kenneth Feinberg. Kuɗin baƙin ciki ya yi shi bai ɗaya, dala 250,000 ga kowane mamaci, da 100,000 ga matar aure ko miji da kowane ɗa. Amma da aka zo kan albashi, wani gida ya tashi da dala 250,000, wani da miliyan 7.1. Mai wanke kwanuka da shugaban kamfani a bene ɗaya suka mutu. Feinberg da kansa ya ce daga baya in za a sake, gara a ba kowa daidai.

Yaron da bai fara aiki ba fa? Masana kan duba jadawalin abin da irinsa ke samu, kuma an daɗe ana raba jadawalin nan da jinsi da launin fata, sai yarinya ko baƙar fata su fito da araha. A 2015 alƙali Jack Weinstein na Buruklin ya ƙi yarda a rage wa wani yaro da gubar dalma ta taɓa diyya saboda asalin iyayensa. Kalifoniya ta haramta irin wannan ragi a 2019.

A Bofal ta Indiya, iskar guba ta kamfanin Union Carbide ta kashe dubbai a Disamban 1984, ta taɓa sama da mutum 500,000. An sasanta a 1989 kan dala miliyan 470. Da aka raba, akasarin waɗanda suka jikkata kuɗin Indiya rupi 25,000 suka samu, kamar dala 500, a kan ciwon huhu da na ido na har abada.

Mu ma mun ɗanɗana. A annobar sanƙarau ta 1996 kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a Kano da yara 200, kusan rabinsu aka ba sabon maganin. Yara 11 suka rasu, wasu suka kurmance ko suka shanye. Kamfanin ya tsaya a kan cewa cutar ce ta yi ɓarnar. A 2009 ya sasanta da gwamnatin Kano kan dala miliyan 75, miliyan 35 daga ciki na iyalai. Sai a Agustan 2011, bayan gwajin ƙwayoyin halitta, gidaje huɗu na farko suka karɓi dala 175,000 kowanne. Shekara goma sha biyar ke nan ana jira.

Da ƙugiyar gini ta faɗo a Masallacin Harami ranar 11 ga Satumba 2015, ta kashe sama da mutum ɗari har da alhazan Najeriya, Sarki Salman ya ba da umarnin riyal miliyan ɗaya ga iyalan kowane mamaci da duk wanda ya nakasa har abada, da 500,000 ga sauran masu rauni. Ya ninka diyyar ƙasar fiye da sau uku.

Biliyan 150 a takarda

A 2011 wata kotu a Tekzas ta yanka diyyar dala biliyan 150 ga iyayen wani yaro da aka watsa wa fetur aka cinna wa wuta ranar da ya cika shekara takwas, ya yi shekara goma sha biyu yana jinya kafin ya rasu. Iyayen sun san ko kwabo ba za su gani ba, wanda ya yi abin ba shi da komai. So suke hukuma ta farka ta gurfanar da shi, kuma an same shi da laifi a 2015. Lauyoyi sun san wannan sarai: abin da alƙali ya faɗa daban, abin da ke aljihun mai laifi ko takardar inshorarsa daban. A Amurka kuma lauya yana cire sulusi, wani lokaci har kashi 40, kafin kuɗi su iso hannun mai rauni.

A nan gida

Takardar inshorar nan da direbobi ke saya don kada a tsare su a hanya, ta naira 15,000 tun Janairun 2023, ba ta 'yan sanda ba ce. An yi ta ne domin wanda motar ta buge. Tana biyan ɓarnar dukiya har naira miliyan 3, rauni da rasa rai kuma ba a yanka musu irin wannan rufi ba. Sharaɗin kawai ta zama ta gaske, don jabu sun yi yawa, kuma ana iya duba ta a intanet da lambar mota. A zauren Baba tela ba wanda ya tambayi mai motar takardarsa, ni ma da nake tsaye a wurin ban tambaya ba, kuma abin yana damuna har yau.

Dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ta wajabta wa mai ɗaukar ma'aikata ya zuba kashi ɗaya cikin ɗari na jimillar albashi a asusun NSITF, kuma wanda ya nakasa gaba ɗaya a bakin aiki yana da kashi 90 na albashinsa duk wata. A haɗarin jirgin sama na cikin gida, tun 2006 doka ta sa a fara ba iyalai dala 30,000 cikin kwana talatin, kafin a zauna kan sauran.

Yafiya tana da lada, ba mai musu. Sai dai ka san abin da kake yafewa tukuna. In tsautsayi ya faɗa maka ko wani naka, je asibiti a ranar ko da za ka biya wurin mai ɗori, don a samu rubutun likita da hoton ƙashi. Ajiye kowane rasit, har na Keke Napep. Ɗauki hoton raunin da lambar motar, karɓi lambar wayar shaidu biyu. Karɓi kuɗin magani in an ba ka, amma kada ka sa hannu a takardar cewa magana ta ƙare sai likita ya faɗi inda jikin zai tsaya. In kuma motar gwamnati ce ko jami'inta, nemi lauya a makon nan, domin dokar kare jami'an gwamnati wata uku kacal ta ba ka ka shigar da ƙara.